Safar Hannun Yaya

Shafi na 19

Masu yi mini ƙorafi cewa na bar Yaya zaune a layin ofishin jakadanci har ƙafarta ta yi tsami, ku yi haƙuri, yau dai an kira ta. Mai saurin kuka ya matso da hankicinsa kusa.

*

"Cire safar hannun, 'yar'uwa."

Ma'aikaciyar ko ɗagowa ba ta yi ba da ta faɗa. Idonta na kan kwamfuta, hannunta na goge gilashin 'yar na'urar ɗaukar zanen yatsu da auduga.

Yaya ta kalli hannunta. An karɓi tsohon fasfonta da ya ƙare, an ɗauke ta hoto, ta sa hannu a inda aka nuna mata, duk baƙar safar tana hannunta. Tun safe take roƙon Allah Ya sa in an zo nan a tsayar da ƙaninta a waje. Ina! Auta da ya kwana a jirgin ƙasa tun daga garin da yake karatun likita don kawai ya rako ta, shi ne zai yarda a bar shi a bakin ƙofa? Yana tsaye a kanta ƙiƙam, ya rungume mata jaka kamar wani dogari.

"Auta, ɗan fita ka samo mini ruwa mana."

"Ga ruwa a jakarki, Yaya. Kuma ba kin ce azumi kike ba?"

Ta manta shaf ta faɗa masa haka. Ta ɗan yi murmushin yaƙe, ta fara jan safar yatsa bayan yatsa, a hankali, kamar mai jiran wani ya zo ya ce an fasa. Ba wanda ya zo. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi. Tana zarewa ta yi maza ta kifa hannun a kan gilashin.

"Huɗun dama tukuna. Danna."

Ta danna. Fitilar ta kawo ja.

"Sake."

Ja.

Ma'aikaciyar ta ɗan gyara tabarau. "Goga su a goshinki, su ɗan samu maiƙo."

Yaya ta goga, ta mayar. Ja.

"Hura musu numfashi. Yawwa. Kawo na hagun mu gani."

Ta ɗora na hagu. Uku suka kwanta, ƙaramin ya tsaya a sama shi kaɗai, a karkace, bai ko taɓa gilashin ba.

"Wannan ƙaramin fa?"

"Ba ya kwanciya, ranki ya daɗe. Tsohuwar karaya ce tun ina yarinya."

"To bar shi. Danna sauran."

Ja. Manyan yatsun biyu ma ja.

Sai a lokacin matar ta bar kallon kwamfuta. Ta kamo hannun Yaya ta juya tafin sama, ta tsura masa ido. Kan yatsun sumul suke suna sheƙi kamar an manna musu leda, babu ko alamar zane. Gaɓoɓin duk sun tsattsage, faratan sun zaizaye, ga tabon ƙuna fari-fari har wuyan hannu.

"Ɗakin wanki ko wanke-wanke?" ta tambaya da murya mai taushi.

"Na'am?"

"Aikinki nake nufi. Ku da magina ku ne na'urar nan ba ta gani. Sinadari da zafi suna cinye zanen tas."

Auta ya yi 'yar dariya daga baya.

"A'a Hajiya, ba haka ba ne. A ofishin asibiti take, ita ke ajiye fayilolin marasa lafiya. Sanyi ne kawai yake sa hannunta ya..."

Ya leƙo ta saman kafaɗarta, ya ga abin da ke kan teburin.

Yaya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ma'aikaciyar ta dube ta, ta dubi saurayin, nan take ta gane ta yi ɓaranɓarama. Ta saki hannun a hankali.

"Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Ba abin tashin hankali ba ne, zanen yana dawowa. Ki huta da aikin na 'yan makonni, ki riƙa shafa mai safe da yamma, sai ki dawo."

"Makonni?" in ji Yaya. "Ranki ya daɗe, mahaifiyarmu ce a kwance a gida. An ce mana mai son ganinta ya taho. Ƙanina fasfonsa da rai, ni ce nawa ya mutu. Don girman Allah..."

"Wallahi da a hannuna yake da na ba ki. Ba ni da ikon tsallake na'ura. Da ko yatsa ɗaya ya kama, sai in shiga wurin oga in roƙa miki a yi da shi haka nan. To ko ɗaya bai kama ba." Ta ja numfashi. "Je ki zauna a waje, ki sha ruwa, ki ɗumama hannun. Kafin in rufe zan sake gwada ki sau ɗaya."

*

A ƙarshen baranda akwai wani benci kusa da tukunyar fulawar roba. Nan Yaya ta zauna tana kiciniyar mayar da safar. Auta ya fizge ta, ya cusa a aljihun wandonsa.

"Ba ni kayana."

"Ba zan bayar ba."

"Auta, ni kake wa haka?"

Ya durƙusa a gabanta, bai damu da mutanen da ke wucewa ba, ya kamo hannuwan biyu ya buɗe su a kan gwiwarta. Ya daɗe yana kallo, yana bin kowace tsaga da ɗan yatsansa.

"Tun yaushe?"

"Likita bokan Turai, an samu mara lafiya kyauta ko?"

"Yaya, ba wasa nake ba. Tun yaushe?"

Ta kau da kai. "Tun shekarar da ka shiga makarantar nan."

"Innalillahi. Kika ce mini a asibiti kike aiki!"

"To ƙarya na yi? A asibiti nake. Ƙasa dai nake, can ƙarƙashin ginin, inda ba taga. Zanen gadon da kuke kwantar da marasa lafiya a kai fari tas, ka ɗauka aljanu ke wanke muku?"

"Ofishin fa? Fayilolin fa?"

"An yi su. Da na zo ƙasar nan da gaske ofishin na samu. Ban daɗe ba suka mayar da komai cikin kwamfuta, suka ce an gode. A makon nan kai kuma ka kira ni kana ihu an ɗauke ka karatun likita. Me kake so in ce maka? In ce maka mayar da murnarka?"

"Da kin faɗa mini da na haƙura da karatun!"

"Shi ya sa ban faɗa ba."

Idanunsa sun kaɗa sun yi jajir.

"Ba a ba ku safar roba ne?"

"Ana bayarwa. Amma zanen yana fitowa daga injin guga da zafinsa, roba kuwa santsi take, ba ka kama gefe da sauri. Wadda ta tsaya sa roba ana barin ta a baya. Ni kuwa ka san ni, ba a bari na a baya."

Ta faɗa da fara'a don ya yi dariya. Bai yi ba.

"Shi ya sa," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana. "Duk zuwan da zan yi wurinki sai ki ce azumi kike. Azumin Litinin da Alhamis har ranar Asabar. In zauna in cinye abin da kika dafa, ke kina gefe da baƙar safa, ina tsokanarki ina ce miki ustaziya." Ya dafe kai. "Ni ne likitan banza wallahi. Ina koyon duba fatar mutane, ta yayata ban taɓa gani ba."

"Kai, rufe mini baki. Wa ya ce maka banza? Wanda ya ƙara ce maka banza ni da shi ne, ko da kai ne."

Hawayen da yake riƙewa suka zubo, ɗaya ya ɗiga a tafin hannunta, ya shiga wata tsaga. Ya yi mata zafi, amma ba ta janye ba. Tausayinsa ya kama ta fiye da na kanta. Ƙaton saurayi da gemu, amma kukansa bai sauya ba, har yanzu leɓen ƙasa yake fara turowa kamar lokacin da take goya shi.

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗago ya dube ta ido cikin ido.

"In tambaye ki, kar ki ɓoye mini. Fasfon nan, mantawa kika yi har ya mutu?"

Ta sunkuyar da kai.

"Yaya. Ke da ko ranar da zan sabunta katin laburare ba kya mantawa."

"Ban manta ba."

"To me ya sa?"

"Ina kallon sa yana ƙarewa na ƙyale shi." Ta ƙara sunkuyar da kai. "In fasfo ya mutu ina da abin faɗa. Duk sanda Inna ta ce yaushe za ki zo, sai in ce takardu ne, Inna. Takardu."

"Don me, fisabilillahi?"

"Haba Auta. Ka manta da me Inna take gani?"

Bai manta ba. Tun yana firamare idon Inna ya tafi. Duk wanda ya shigo gaishe ta, hannunsa take laluba ta riƙe, ta shafa ciki da baya, kafin ya buɗe baki ta faɗi ko wane ne.

"Kai ba ka yi wayo ba lokacin," Yaya ta ci gaba. "Bayan rasuwar Baba, da wankau Inna ta riƙe mu. Kayan mutane, kwando-kwando. Da dare in ta kwanta ni nake shafa mata mai a hannu, tana cije baki. Kullum sai ta ce mini, Babba, ke biro za ki riƙe, na yi wankin nan ne don kar ki yi. Zuwana na ƙarshe, ina shiga ta kama hannuna ta yi ta shafawa tana dariya, ta ce alhamdu lillahi, hannun nan bai gaji nawa ba. Ta kira maƙwabta su zo su taɓa." Ta ɗaga hannuwan ta kalle su. "Yanzu in kai mata waɗannan? In ce mata duk wahalar da ta sha ta tashi a banza?"

"Shi ne kika gwammace kar ta gan ki gaba ɗaya."

"Na ɗauka akwai lokaci. Na ce in ka gama karatu in bar aikin, in yi ta shafa mai har su koma, sai in je. Ban san ciwo zai riga ni ba." Nan ta fashe da kuka, irin wanda ta daɗe tana ajiya. "Ga shi yanzu ina son zuwa, hannun ya ƙi ni. Ni na jawo, Auta. Ni na jawo."

Ya tashi ya zauna kusa da ita, ya jawo kanta ya ɗora a kafaɗarsa. Tun da aka haife shi ita ke rarrashinsa, yau ne rana ta farko da aka juya. Bai ma san yadda ake yi ba, sai bubbuga bayanta yake da ƙarfi kamar mai kakkaɓe katifa.

"Za ka ɓalla ni," ta ce cikin kukan.

"Yi haƙuri. Ban iya ba."

Ya buɗe jakarta ya zaro gorar ruwa ya miƙa mata.

"Sha. Azumin nan dai na san ko mala'iku ba su rubuta shi ba."

Dariya ta kufce mata a tsakiyar hawaye. Ta karɓa ta sha.

*

"Inna na jira," ya ce yana ciro waya. "Na yi wa Gwaggo alkawarin muna fitowa za mu kira."

Ta riƙe masa hannu. "Auta, na haɗa ka da Allah. Ka ce layi ne ya yi yawa. Ka ce na'ura ta lalace. Kar ka ce komai."

Ya danna lambar Gwaggo, ya buɗe muryar wayar yadda duka za su ji.

Gwaggo ce ta ɗauka, ƙanwar Inna da ke jinyarta. Ita Gwaggo har gobe tsoron waya take, in ta yi ƙara ta dai iya ɗauka. Tsawon zamansu a waje sau biyu rak ta taɓa kira da kanta, ranar da aka yi gobara a gidan Kawu da ranar da 'yarta ta haifi tagwaye.

"Ga ta nan, tun ɗazu take tambaya," in ji Gwaggo. "Bari in kara mata a kunne."

Aka ji motsin zane, sai numfashi mai nauyi.

"Babba?"

"Na'am, Inna. Ya jikin?"

"Jiki ya gode Allah. An ba ki littafin?"

"Saura kaɗan, Inna. Na'urarsu ce take ɗan ba da matsala."

"Na'ura." Inna ta mayar da numfashi. "Kuka kika yi."

"A'a, mura ce."

"Auta ma murar ce? Ina jin yana jan hanci."

Auta ya yi maza ya kau da fuska daga wayar.

"Hannun ne ya ƙi, ko?"

Yaya ta dubi Auta a firgice. Ya girgiza kai da sauri, ya ɗaga hannu sama alamar rantsuwa.

"Kar ki harari yarona, ba shi ya faɗa ba," in ji Inna, kamar tana ganin su. "Gwaggonku ta ce ɗan maƙwabcinmu mai aikin siminti haka aka yi ta fama da shi wurin yin kati. Tun da na ji yau za ki je nake addu'a."

"Inna, me kike nufi?"

"Haba Babba. Ni za ki yi wa ɓoyon wanki?" Ta yi wata 'yar dariya da tari ya katse. "Ido na rasa, ba kunne ba. Ki kira ni ki ce kina ofis, ina jin ana girgiza zanen gado a bayanki, fat, fat. Wane ofishi ne ake girgiza zane? Kuma in mutum ya maƙale waya da kafaɗa don hannunsa na cikin aiki, muryarsa daban take fita. Na yi shekaru ina magana da kai a karkace, na san ta."

Yaya ta toshe baki da bayan hannu.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun farko-farko."

"Ba ki taɓa cewa komai ba."

"Ke kika rufa wa kanki asiri, ni ce zan tona? Na ce in ta shirya za ta faɗa. Na yi ta jira. Ashe ke ma jira kike, muka zauna muna jiran juna kamar wawaye."

"Inna, ki yafe mini. Kin ce biro zan riƙe. Kin ce kin yi ne don kar in yi..."

"Na faɗa. Baki ne, yana faɗin abin da yake so. Amma saurara, Babba." Muryar ta ƙara yin ƙasa, sai da suka matso da kunnuwansu. "Ranar da na gane, na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Na kwana ina kuka. Da gari ya waye sai na ce, to ni da wane hannu na rene su? Na taɓa jin kunyarsa? Yarinyar nan ta ɗauki ƙaninta a kai kamar yadda na ɗauke su, ban roƙe ta ba. In ban yi alfahari da wannan hannun ba, da wanne zan yi?"

Auta ya kifa fuska a gwiwa, kafaɗunsa na rawa.

"Ki kawo mini shi yadda yake," in ji Inna. "Kar ki shafa masa komai. So nake in taɓa shi in ji. Kin shafa mini mai kina ƙarama, bari ni ma in shafa miki ko sau ɗaya ne."

"Ina son zuwa, Inna. Wallahi ina so. Sun ce ko yatsa ɗaya bai kama ba."

"Har nawa?"

"Wanne?"

"Ɗan karkataccen nan nawa mana. Wanda nake gane ki da shi. Shi ma wankin yake? Ai tun kina yarinya ba ya taɓuka komai, in kina wanke-wanke yana can sama kamar sarki."

Auta ya ɗago kai a hankali. Ya kamo hannun hagun Yaya, ya juya ƙaramin yatsan wajen hasken taga, ya ƙura masa ido. Sauran sumul suke. Shi kuwa, a kan ɗan kansa, ga zane nan siri-siri yana zagaye, lafiyarsa ƙalau.

"Yaya," ya ce da raɗa. "Ba a gwada shi ba."

"Auta kana ji na?" Inna ta ce. "Ka san a kan wa yatsan nan ya karye?"

"An ce faɗuwa ta yi wurin wasan igiya."

"Ita ta ce a ce maka haka. Kana rarrafe ka sa hannu a bakin ƙofar ƙarfe, iska ta taso da ita. Ta zura nata ta tare. Ƙofar ta samu nata ta bar naka. Hannun da za ka duba mutane da shi ke nan." Tari ya sake sarƙe ta, aka ji Gwaggo na cewa sannu, ya isa haka. Da ƙyar Inna ta ƙarasa. "Ku je. Ina nan ina jira."

Wayar ta katse.

Auta ya dubi yatsan, ya dubi nasa hannun, ya buɗe baki zai yi magana.

"In ka sake yi mini kuka a nan sai na mare ka," in ji Yaya, alhali nata hawayen har haɓa. "Tashi mu je kar matar nan ta rufe."

*

Sun tarar da ita ta rufa wa na'urar ƙyalle, ta rataya jaka a kafaɗa. Da ta gan su ta sauke jakar, ta yaye ƙyallen.

"Hajiya, ƙaramin na hagu," in ji Auta. "Shi kaɗai. A taimaka."

"Ai ba ya kwanciya."

"Zan kwantar da shi."

Matar ta kamo yatsan ta duba, girarta ta ɗaga. Ta juya ta danna wani abu a kwamfuta.

"Bismillah."

Yaya ta miƙa hannu. Yatsan ya tsaya a karkace kamar kullum, gefensa kawai ke taɓa gilashin. Ja.

Auta ya zagayo ya tsaya a gefenta. Ya tallafi gwiwar hannunta da hannu ɗaya, ya kama wuyan hannun da ɗayan, ya ɗaga, ya murɗa a hankali har sai da kafaɗarta ta karkata.

"Da zafi?"

"Yi aikinka, likita."

Ya ɗora ɗan yatsansa a kan nata ya danna.

Fitilar ta yi ƙifta. Ta sake ƙiftawa.

Kore.

"Allahu Akbar!" Ma'aikaciyar ce ta riga su faɗa, har da tafi. Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi, ta mayar. "Ya kama. Wallahi ya kama, ga sunanki nan ya fito da tsohon hotonki."

Yaya ta zube a kujera. Auta bai saki hannun ba.

"Kar ku yi murna tukuna," matar ta ce tana tattara takardu da sauri. "Sai oga ya sa hannu, kuma ba kullum yake yarda da yatsa ɗaya ba. Bari in tare shi kafin ya fita. Ku yi ta addu'a."

Ta fice, takalminta na ƙwas-ƙwas a baranda.

Auta ya zaro baƙar safar daga aljihu ya miƙa mata. Yaya ta kalle ta, ta girgiza kai.

"Riƙe. Inna ta ce yadda yake."

Ya mayar aljihu yana murmushi. Suka zauna, idonsu a kan ƙofa, hannunta a buɗe a kan cinya, ko ɓoye shi ba ta yi ba.

Sai waya ta ɗauki ƙara a cikin jakarta.

Auta ya ciro ya duba. Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya juyo mata da fuskar wayar.

Gwaggo.

Gwaggo da kanta.

Yaya ta karɓa. Ta goga babban yatsa a kan gilashin, wayar ta ƙi ji. Ta sake gogawa, ta ƙi. Ta karkata hannu ta ja da ɗan ƙaramin, ta kai kunne.

A daidai lokacin ƙofa ta buɗe, ma'aikaciyar ta shigo riƙe da takardun.

"Babba," in ji Gwaggo. "A tsaye kike ko a zaune?"